Ƙusar Malam Layi

Duk wanda bai taɓa ganin Malam Layi ba, bai san ɗa'a ba, labarinta kawai yake ji. Shi ne malamin ladabtarwa na makarantar, kuma Allah ya yi masa baiwar da ba kowa ke samu ba. In ya hura usur a bakin ƙofa, har kajin maƙwabta sai sun jeru. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Abin da ya rage masa shi ne kalmar da yake buɗe yini da ita ya rufe da ita, wato "Layi!"

Dokokinsa ba su da yawa, amma sun shiga jinin yara. Ƙarami ba ya wuce babba a hanya. In ka haɗu da wanda ya girme ka, ka tsaya cak ka gaishe shi, sai ya amsa za ka motsa. Farar riga kuma yadda ta fito daga gida haka za ta koma. Da waɗannan ya gina al'umma, in ji shi, kuma babu wanda ya taɓa musa masa a gaban idonsa.

Abu ɗaya ne ke ci wa wannan gwarzo rai. A zauren shiga makaranta akwai bangon da ake rataya hotunan waɗanda suka ɗaukaka sunanta. Ga malamin lissafi rungume da kofi. Ga malamar da ta kai yara muhawara suka ciyo. Har mai gadi yana nan yana murmushi, don ya taɓa kashe gobara a ɗakin gwaje-gwaje. Malam Layi kuwa babu shi, babu alamarsa. Wata rana ya zo da guduma ya kafa ƙusa a tsakiyar bangon, daidai inda hasken taga ke sauka. Ya ce ta kalanda ce. Kalanda ba ta taɓa hawa kanta ba, amma kullum da safe sai ya tsaya ya ɗan girgiza ƙusar ya ji ko tana nan da ƙarfinta.

Ana nan sai ga gasar tseren kekunan hawan dutse ta yara 'yan makaranta. Malamin wasanni ya shekara yana fama da yaransa a tudun bayan makaranta, yana liƙe taya, yana gyara birki, yana shafa magani a gwiwoyi. A taron malamai shugabar makaranta ta ce duk wanda ya dawo da kofi, hotonsa zai hau bango. Nan take Malam Layi ya tuna cewa tun yana yaro babu abin da yake ƙauna irin keke, ko da yake rabonsa da hawa tun yana da gashi a ka. Ya miƙe ya bayyana cewa tafiya irin wannan tana bukatar jagora mai kwarjini. Kafin a tashi taro ya zama Babban Daraktan Tawaga, malamin wasanni kuma ya koma mai riƙon famfo da gorunan ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar gasa Darakta ya fito cikin farar kwat, usur a wuya, lema a hannu. Yara sun cika bas suna tsalle a kan kujeru, suna ƙwanƙwasa wa juna hular kwano, suna ihu duk lokacin da kekunan da aka ɗaure a sama suka yi ƙara. Darakta ya hura usur, ya kama ƙarfen bas, ya fara jawabi.

"Ku saurara. Yau duniya za ta ga bambancin mai tarbiyya da mara ita. Wasu za su yi ta gudu kamar an biyo su da sanda. Mu ba haka muke ba. Za ku tafi yadda kuke shiga taron safe, babba gaba, ƙarami baya. Bin na gaba bin Allah ne. Alƙalan nan mutane ne masu ilmi kamar ni, tsari suke dubawa. Kofi ba ya bin mai gaggawa, mai natsuwa yake bi. Duk wanda ya ɓata mini riga, ni da shi ne."

Malamin wasanni ya buɗe baki zai ce wani abu, Darakta ya nuna shi da lema, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Filin gasar ya cika ya batse. An zagaye hanya da jan kintinkiri, ta hau tudu, ta ratsa cikin bishiyoyi, ta gangaro ta faɗa wani kwari mai taɓo saboda ruwan da aka yi jiya. A kowace kwana an tsayar da babban mutum riƙe da tuta don ya nuna wa yara hanya. Darakta ya zaga ya gaisa da alƙalai ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu muƙaminsa sau biyu don kada su manta. Ya nemo mai hoto ya nuna masa ɓangaren fuskarsa da ya fi kyau. Daga nan ya dasa kansa kusa da mai sanarwa, don ya lura can lasifika take.

Ya jera yaransa da kansa. A gaba ya sa Dogo, shugaban ɗalibai, yaro mai ladabi wanda yake tuƙa keke kamar yana ɗauke da ƙwai. A can ƙarshe ya sa wata 'yar aji ɗaya da ake kira Barkono, wadda hular kwano ta kusa rufe mata ido. Duk makarantar an san babu mai kamo ta a gangara. Darakta ne kaɗai bai sani ba, don shi saninsa da ita bai wuce cewa ita ce mafi gajarta ba.

Aka busa usur na fara tsere. Yaran sauran makarantu suka fashe kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Tawagar Darakta kuwa ta tashi a tsanake, farare tas, kowa ya bar tazarar hannu tsakaninsa da na gabansa. Darakta ya dubi mai sanarwa ya ce, "Ka gani? Nawa ne waɗannan."

A kwanar farko suka iske dattijo mai tuta. Dogo ya ja birki, ya sauka, ya rusuna. Duk layin ya sauka. Suka haɗa baki, "Ina kwana, Baba!" Dattijon ya yi ta kaɗa tuta yana ihu su wuce, su kuwa suna jiran ya amsa. Da ya ga ba su da niyyar motsi sai ya ce lafiya lau, suka tambaye shi gajiya, ya ce babu, sannan suka hau. 'Yan kallo suka kwashe da dariya har wasu na riƙe ciki. Darakta ya ɗaga musu lema, don a ganinsa tafi ne. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Da suka haye tudu suka shiga bayan wani dutse, Barkono ta kasa haƙuri. Ƙafafunta sai ƙaiƙayi suke a kan feda.

"Yaya Dogo, don Allah ba ni hanya."

"Malam ya ce ƙarami ba ya wuce babba."

"Malam ba ya hango nan, Yaya. Dutse ya kare."

Dogo ya waiwaya ya ga gaskiya ne, ya karkata gefe. Ta wuce shi kamar an harba ta. Mai tuta na gaba bai samu komai daga gare ta ba sai "Sannu Baba!" da iska ta kawo masa bayan ta yi nisa. Ta gangara kwari, ta faɗa taɓo da gudu, ta fito ta ɗaya gefen tana ƙyalƙyala dariya. Sauran suka ji dariyar, abin ya kama su kamar mura. Na biye da ita ya ɓalle, na biye da shi ya bi. Dogo da kansa, shugaban ɗalibai guda, aka ji shi yana ihu a gangara da muryar da ba a san yana da ita ba.

Darakta bai ga ko ɗaya ba. Yana can yana yi wa mai sanarwa bayanin yadda ya ƙirƙiro salon tseren natsuwa. Sai ga wata 'yar halitta ta fito daga cikin bishiyoyi a zagaye na biyu, taɓo tun daga hula har takalmi, haƙora kaɗai ke fari. Ta wuce ta gabansa, tayar baya ta watso masa laka a ƙirjin kwat. Mai sanarwa ya duba lambar kekenta ya ce, "Darakta, wannan ai taka ce, kuma ita ke gaba a rukunin ƙanana!"

Darakta ya dubi kwat ɗinsa, ya dubi yarinyar da ta wuce yayyenta ba sallama. Ya fizge abin magana daga hannun mai sanarwa.

"Jama'a ku shaida! Wannan ba tawa ba ce. Ban san ta ba, ban horar da ita ba, babu hannuna a cikinta. Nawa farare ne, suna nan tafe a layi. Ku jira ku ga tarbiyya!"

Lasifika ta kai maganar har bayan tudu. Aka jira. Tarbiyya ta ɓullo daga cikin bishiyoyi a warwatse, baƙaƙe ƙirin da taɓo, ana tsere ana shewa, Dogo a tsakiya yana fedalawa a tsaye. Da suka zo daidai Darakta ba su manta koyarwarsa ba, suka haɗa baki, "Sannu da aiki, Malam!" amma babu wanda ya taɓa birki.

Barkono ta ci rukuninta. Yara suka ɗaga ta sama, suka ɗaga keken, suka nemi ɗaga malamin wasanni da famfonsa. Da aka kira ta karɓar kofi aka ce mai horar da ita ya hau su yi hoto, sai aka ga farar kwat tana keta jama'a. Darakta ya riga ya shirya sabon jawabi.

"Wannan nasara sakamakon dogon nazari ce. Da gangan na ajiye ta a baya, don in ɓoye ta daga idon abokan hamayya. Dabara ce ta manya."

Babban alƙali ya tare shi da hannu cikin ladabi. Ya ce ai duk filin nan sun shaida, kamar yadda ya roƙa, cewa bai san ta ba kuma bai horar da ita ba. Ya tambayi yarinyar wa ya koya mata, ta nuna mai riƙon gorunan ruwa. Magana zarar bunu ce, kuma wannan ta lasifika ta fita. Darakta ya yi ta kutsawa ta gefe, mai hoto na cewa ya matsa, shi kuma yana juyo da ɓangaren fuskarsa mai kyau. Aka ɗauka.

Da hoton ya iso makaranta, shugaba ta zaga bango tana neman wuri. Sai ta ga ƙusa a tsakiya, mai ƙarfi, haske na sauka a kanta. Ta yi wa wanda ya kafa ta addu'a, ta rataya. Ga Barkono da kofi, taɓo har kunne. Ga malamin wasanni yana dariya. Ga Dogo da sauran a baya, babu biyu da suka tsaya a jere.

A ƙarƙashin hoton nan Malam Layi ke tsayawa kowace safiya yana hura usur. In baƙo ya zo, yakan ja shi gefe ya gaya masa cewa shi ma yana ciki. Kuma ba ƙarya yake ba. In aka sauke hoton aka cire katakon firam, a gefen hagu can ƙasa, za a ga gwiwar hannun farar kwat da rabin lema.