Ragon Sunan Dutsen Tanimu

Wani mutum ne a unguwarmu, Tanimu, wanda in ya buɗe baki sai ka riƙe hularka. Ya je Legas ya shekara, ya dawo da rigar sanyi mai kauri kamar katifa. Abu ɗaya yake so a duniya fiye da cika baki: wani farin rago da yake turkawa, har wanka yake masa da sabulu.

Rannan a majalisa ya gyara zama.

"Ku kun san sanyi? Jirgin ruwa ya kai ni ƙarshen duniya ta kudu, wani tsibiri. Ba bishiya, ba akuya, ƙanƙara ce fari fat! In ka yi tofi, kafin ya kai ƙasa, ƙwal! Ya zama tsakuwa."

Muka ce, "Kai, Tanimu!"

"Wallahi! A tsakiya ga wani dutse, kansa cikin gajimare, ba shi da suna. Turawa suka ce duk wanda ya fara hawa, sunansa za a sa. Suna ta karkarwa, ni ko na cire takalmi, fir! Sai ga ni a ƙoli. Yanzu haka Dutsen Tanimu ake ce masa."

Baba Ɗangoggo, dattijon majalisa, ya tauna goro a hankali.

"Ashe takwara aka yi maka. Barka! Wa ya yanka ragon suna?"

"Rago kuma, Baba? Ai dutse ne."

"Dutse marar uba a ƙasar mutane, in kai ba ka yanka masa ba, wa zai yanka? Sai dai in babu dutsen."

Tanimu ya buga ƙirji. "Babu? Gobe a zo suna!"

Da safe unguwa ta cika maƙil. Mata sun ɗora tukwane, maroƙi na ta kirari: "Uban dutse, gagara ƙanƙara!" Ila mahauci ya ja ragon bayan gida, Tanimu na tsaye yana murmushin dole, gumi sharkaf. Ni kaina na fara jin tausayinsa.

Sai ragon ya ce, "Meee!"

Tanimu ya zabura, hula ta faɗi.

"Ila, tsaya! Don Allah tsaya! Ba dutse! Ba tsibiri! A ɗakin sanyin kifi na yi dako a Legas, ko kwalekwale ban taɓa shiga ba!"

Sai ga Ila ya leƙo yana goge wuƙa. "Me ka ce? Na fa riga na gama."

Baba Ɗangoggo ya yi gyaran murya.

"To, rago dai ba ya tafiya a banza, dole a raɗa wa wani suna. Jama'a, yaro ya ci sunan Daskararren Kifi. Allah ya raya!"

Unguwa ta ɗauka, "Amin!"

Har yau in ka ce Tanimu, ba wanda zai nuna maka gidansa.