Koriyar Hular Abban Nana

Ko da tsufa zai kwashe min duk labarin zamanmu a birnin Guangzhou na ƙasar Caina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau dutse da mijina sanye da koriyar hula ba. Har yau idan abin ya faɗo min ina tsakar girki, sai in ajiye ludayi in rufe fuska, alhali ni kaɗai ce a kicin ɗin.

Ni dai mace ce mai ƙaiƙayin hannu. Maigidana, Abban Nana, sarin kayan sawa yake yi a kasuwar Baima yana aika wa 'yan kasuwar Kano, don haka wuni yake a waje. Nana kuma tana gida wajen kakarta saboda makaranta. Sai ya zama daga ni sai kwarashina a ɗan gidan hayarmu na unguwar Dengfeng. Na saƙa wa rimot riga, na saƙa wa filas ɗin shayi, na yi wa tukunyar shinkafa ta lantarki hula mai tuntu. Na yi labulen duwatsu a ƙofar kicin wanda ke kama wa mutum kunne idan zai wuce. Duk abin da ya kuskura ya tsaya wuri ɗaya a gidan nan, to zai wayi gari da sutura.

Abu ɗaya ne ya gagare ni, shi ne Abban Nana. Mutumin nan gwanin yabo ne. Idan na miƙa masa abu sai ya juya shi, ya ɗaga shi sama, ya ce, "Kai, Maman Nana, wannan hannun naki sai dai a yi masa addu'a." Daga nan sai ya ninke shi a hankali ya sa a durowa, shi ke nan an yi jana'iza. Na yi masa jakar waya, na yi masa safa, bai taɓa taka ko matattakala da ɗaya ba. Ina dariya a fuska, amma gaskiya abin yana ci min rai. Burina bai wuce in ga aikin hannuna a jikinsa a cikin jama'a ba, ko da sau ɗaya ne.

Sai ga kaka ta shigo. (Kada ku yi zaton irin kakar nan ta hotuna mai jan ganye. A Guangzhou zafi ne kawai yake ɗan sassauta wa mutum maƙogwaro.) A farkon Oktoba ƙasar kan yi dogon hutu, kowa ya fita shan iska. Lauban, wato mai shagon da Abban Nana ya fi hulɗa da shi, ya gayyace mu hawan dutsen Baiyun tare da matarsa. Za a je kuma da Hajiya Mariya, wata dattijuwar 'yar kasuwa daga Maraɗi da ta daɗe a garin har Sinanci ya zauna mata a baki. Ranar da aka tsayar ta dace da ranar 'yancin Najeriya. Nan take dabara ta faɗo min: zan saƙa huluna biyu kore shar da siririn farin layi, kalar tutarmu, ɗaya ta maigida, ɗaya tsarabar Lauban. Wa zai ƙi kishin ƙasa?

Na tafi shagon wata tsohuwa da nake sayen zare a wajenta. Na ɗauko koren zare mai ɗaukar ido, ta yi murmushi. Ta yi min alamar me zan saƙa. Na zagaya kaina da yatsa, sannan na fito da ɗaya daga cikin 'yan kalmomin da na iya, na ce, "Laugun," wato miji. Murmushin ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ta fizge zaren ta ɓoye a bayanta, tana kaɗa hannu tana cewa, "Meyo, meyo!" Babu, wai. Babu, alhali ga shi ina hango jelarsa ta ƙarƙashin hammatarta! Ta turo min shuɗi, ta turo min ruwan ƙasa, har baƙi ta ɗauko. Ni kuma jinin Kano ya motsa, na ce a raina yau na ga wulaƙanci, da kuɗina za a zaɓa min kala? Na zagaya na ɗebi wasu daga kan kanta, na biya, na fito ina hura hanci. Har na sha kwana tana tsaye a ƙofa tana girgiza kai.

Hulunan sun yi kyau, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Safiyar tafiya na ajiye wa Abban Nana tasa kusa da kofin shayi. Ya ɗauka, ya fara waƙarsa ta kullum, hannunsa na neman hanyar durowa. Na tare durowar da ƙugu.

"Abban Nana, yau fa babu durowa."

"Haba, Maman Nana, da zafi fa a waje."

"Zaren auduga ne, iska na shiga. Idan kunyar aikina kake ji, ka faɗa min kawai in huta."

Na haɗa da 'yar ƙwalla (rabi ta gaske, rabi ta aro). Ya dube ni, ya yi ajiyar zuciya, ya kifa ta a kai. Ban bar shi haka ba, sai da na sa ya yi alkawarin ba zai cire ba har mu dawo gida. Shi kuwa Sinancinsa bai wuce na ciniki ba, nawa ne, rage min, ya yi tsada. Makaho ne ya ja makaho muka fita.

Tun a jirgin ƙasa na lura ana kallonmu. Kallo ba baƙonmu ba ne a Caina, amma na ranar daban yake. 'Yan mata na rufe baki, wani saurayi ya zunguri abokinsa, wani dattijo ya kalli hular, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Ni duk na ɗauka santi ne. Na matso kusa da maigida na gyara mata zama a kansa, don kowa ya san mai aikin tana nan.

A gindin dutsen muka tarar da Lauban da matarsa. Ya taho da fara'a yana cewa "Nihau, nihau," sai idonsa ya sauka a kan abokinsa, gaisuwar ta maƙale. Matar ta ɗan taka masa ƙafa. Muka kama hawa. Hajiya Mariya ta yi waya cewa gwiwoyinta ba za su iya ba, za ta hau keken sama da ke bin igiyar ƙarfe ta same mu a sama.

Hanyar akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Inuwa ko'ina, tsofaffi na rawarsu a hankali a gefen hanya, ga garin can ƙasa shimfiɗe. Ina tafe ina tsintar busassun ganye da 'ya'yan itace ina zubawa a jaka, wai zan yi adon bango da su. Mutane kuma sai ɗaga waya suke suna ɗaukar Abban Nana. Ya raɗa min, "Anya, Maman Nana, lafiya ake kallona haka?" Na ce, "Kai dai ba ka san darajar abin da ke kanka ba."

Da muka kai sama muka zauna a wata rumfar shan shayi cike da jama'a. Na ga lokaci ya yi. Na zaro hula ta biyu a cikin takarda mai ƙyalli, na miƙa wa Lauban da hannu biyu kamar yadda suke yi. Ya buɗe. Bawan Allah ya riƙe ta da ɗan yatsa biyu kamar an ba shi garwashi, kunnuwansa suka yi ja. Matarsa ta haɗe rai. Na ce a raina kawaici ne, bari in taimaka musu. Na ɗauko wayata mai fassara, na ƙure mata murya saboda hayaniya, na fuskanci matar, na yi wa wayar Turanci cewa: "Ni da kaina na saka wa mijina tasa. Na daɗe ina so, sai yau ya yarda. Ke ma ki saka wa naki, ba wuya."

Wayar ta rangaɗa shi da Sinanci, tiryan-tiryan. Wani tsoho a teburin kusa ya ƙware da shayi har sai da aka bubbuga masa baya. Ni kuma ina tsaye ina murmushi, ina jiran tafi.

Daidai nan Hajiya Mariya ta iso tana haki, tana dogara lema. Ta kalli kan Abban Nana, ta kalli hannun Lauban, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ke ɗiyata, mi ne na wanga bisa kan mijinki?"

"Hula ce, Hajiya. Ni na saƙa. Waccan kuma tsarabar Lauban."

"Kado? Hula tsanwa kika yi ma mutum kado gaban matatai?" (Tsanwa ita ce kore a bakin mutanen Nijar, kado kuma kyauta.) Matar Lauban ta yi mata wata magana da sauri tana nuna wayata. Hajiya ta zauna daɓas a kujera, ta jawo ni kusa, ta rage murya, amma muryar Hajiya ko an rage ta tana kaiwa bayan gari.

"Ƙasar ga, in an ce mace ta sa ma mijinta hula tsanwa, ana nuhin tana bin wani namiji a waje. Cin amanar aure, ɗiyata. Ba namijin da ka sa ta. Ke ko kin hwaɗi ma duniya ke kika sa mai da hannunki, kin daɗe kina so, kuma kina ba matar mutane shawara ita ma ta gwada, ba wuya!"

Jama'a, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan take na gane tsohuwar mai zare ba wulaƙanci ta yi min ba, rufin asiri ta so yi min na ƙi. Na tuna jirgin ƙasa, na tuna hotuna, na tuna yadda nake gyara masa ita a kai ina kallon mutane ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne Abban Nana. Mutum ne mai tsaron mutuncinsa, ga shi na yi masa tallan abin kunya tun daga Dengfeng har ƙololuwar dutse, a gaban abokin kasuwancinsa. Wannan karon ƙwallar da ta zo ba ta aro ba ce.

Hajiya ta juya tana yi musu bayanin tuta da ranar 'yanci. Matar Lauban ta saurara, ta kalle ni, leɓenta ya fara rawa, sai ta fashe da dariya har tana dukan kafaɗar mijinta. Duk da haka ba ta yi wasa ba, ta karɓe hular daga hannunsa ta cusa can ƙasan jakarta ta ja zif.

Abban Nana bai yi dariya ba. Ya cire tasa, ya juya ta, ya dube ni ina share hanci da gefen mayafi. Sai ya mayar da ita kansa, ya daidaita farin layin, ya ce, "Hajiya, faɗa musu ni na san matata, kuma hular ta yi min."

Wallahi sai da na ji wani sanyi a raina. Amma daɗin bai yi nisa ba, domin ashe mugunta ce ya tanada. Da muka kama gangarowa na raɗa masa, "To ya isa haka, cire ta."

"A'a, ai na yi alkawari. Sai mun je gida."

"Na yafe alkawarin, don girman Allah."

"Ni ban yafe ba. Iska na shiga, Maman Nana, zaren auduga ne."

Haka muka sauko. Duk wanda ya kalle shi sai ya taɓa hular ya ce "Nihau," sannan ya nuna ni da babban yatsa, wai ga gwanar. Wanda ya ɗaga waya kuwa, tsayawa yake ya gyara tsayuwa, ya jawo ni in shiga hoton. Na ja mayafi har hanci, Hajiya na bayanmu tana dariya tana cewa, "Bar shi ya rama, ɗiyata, hakkinai ne."

To, abin da na roƙa dai an ba ni. Mijina ya sa saƙata a bainar jama'a, kuma ban san adadin wayoyin da hotonta ke ciki ba a garin nan. Darasin da na koya shi ne, idan za ki roƙi Allah ya nuna wa duniya aikin hannunki, 'yar'uwa, ki daure ki faɗi har da kalar.