Ranar da Na Roƙi Ruwa Rufina a Huje

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na tashi sayar wa Baba Idi karafan ba.

Karafan, ga wanda bai sani ba, ɗaki ne mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa jeji. Na saye shi lokacin da nake jin ni ma wani ne, abokaina na fita kashta, wato yawon shaƙatawa a jeji, duk sanyi, su hura wuta a sahara suna shan shayi. Sau uku muka fita da shi. A na ukun kunama ta harbi ƙanin matata, shi ke nan, karafan ya yi shekara bakwai a ƙofar gidanmu a unguwar Ka'akiyya ta nan Makka, tattabaru na zaman majalisa a kansa.

Rufin kuwa ni na huda shi da ƙafata. Sana'ata gyaran mukayyif ce, wato na'urar sanyaya ɗaki. Na hau in ɗora masa sabo don ya riƙa sanyi, ashe ranar Makka ta riga ta gasa rufin, sai ji na yi ƙafata ta shige har gwiwa. (Ni fa, mai yi wa mutane faɗa a kan sakaci.) Na toshe ramin da kwali, na shafa farin fenti, daga ciki kuma na lulluɓe saman da jan yadi mai zane. Tsakani da Allah ya yi kyau.

Da na fara neman mai saye, matata ta ce, "Abu Faisal, ka dai faɗa wa mutum gaskiyar rufin nan."

Na ce, "Haba, Ummu Faisal, a Makka muke fa. Sau nawa ake ruwa a shekara?"

Ta ce, "To, Allah ya kyauta," irin faɗar da ba addu'a ba ce.

Sai ga mai saye daga inda ban zata ba. Baba Idi aminin marigayi mahaifina ne, mai tsire a unguwar Mansur, shi ya karɓo mini aure. Ya tara 'yan tumaki a bayan gari, yana son wurin da zai riƙa kishingiɗawa in ya je duba su. Na ce ya zo ya gani tukuna, ya kaɗa hannu.

"Ba sai na duba ba, ya waladi, yarona. Ɗan Haruna ba zai cuce ni ba."

A nan ya kamata in buɗe baki, amma kunya ta rufe shi. Na ce a raina gobe zan faɗa masa, goben ta zo na ce jibi.

Ana cikin haka aka sanar da sallar roƙon ruwa, ranar Alhamis da safe. Na shiga sahun gaba, kafaɗata da ta Baba Idi. Liman na addu'a, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi. Da aka zo juya mayafi kamar yadda aka saba, na juya shimagi, mayafin da ke kaina, da hannu biyu, har da 'yar ƙwalla. Wallahi ko sau ɗaya rufin nan bai faɗo mini a rai ba.

Bayan la'asar Baba ya zo da fulas ɗinsa na shayi, muka shiga karafan mu ƙarasa magana. Ya zauna yana yaba jan yadin. Ba mu kai ga shanye kofin farko ba sai gari ya yi duhu, hadari ya taso daga wajen Ɗa'if. Yaran unguwa suka fito suna ihun ruwan sama da Larabci, "Maɗar! Maɗar!" Baba ya ɗaga hannu yana hamdala. Ni kuwa addu'ar da nake yi a zuci, ba zan iya faɗarta a nan ba.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na ɗaga ido a hankali, sai na ga yadin ya fara yin ciki daidai saman kan Baba.

"Baba, dawo nan, can akwai zafi."

"Zafi, ana wannan ni'ima?"

Cikin yadin na ta girma. Na miƙe na tsaya a kan dattijo, na tokare yadin da kaina da hannu biyu.

"Lafiya kuwa?"

"Miƙa nake yi, Baba, bayana ke ciwo."

Ya ɗauki kofinsa ya matsa gefe. Ko gama zama bai yi ba yadin ya yage. Jama'a, ruwa da ƙurar shekara bakwai da jiƙaƙƙen kwali da kashin tattabara, duk a kaina ya ƙare. Farar rigata ta koma kalar miyar kuka. Ina tsaye, hannuna har lokacin a sama, ga sararin samaniya ina gani ta ramin da ƙafata ta yi.

Baba ya kurɓi shayinsa. Ya ce, "Ramin ya fi yadda na zata girma."

Na ce, "Ka sani?"

"Tun ranar babbar sallah da na zo gidanka. Ba a bene falonka yake ba? Ta taga na hango kwalin." Ya ajiye kofin. "Na san rufi yana hujewa, ya waladi. Jira nake in ji daga bakinka. Babanka ya taɓa sayar mini da akuya, sai da ya lissafa mini cututtukanta har na ji tausayin akuyar."

Na gwammace ya mare ni. Na durƙusa cikin ruwan nan, ƙato da ni da 'ya'ya uku, na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini." Kukan da na yi a lokacin ya fi na safe gaskiya.

Ya dafa kaina, sannan ya goge hannunsa a jikin kujera. "Tashi. Ina so har yanzu. Amma da hannunka za ka gyara, ina zaune ina kallo."

Juma'a uku na yi a saman karafan, na cire ruɓaɓɓen katako na sa sabo, Baba na ƙasa a inuwa yana ba ni labaran mahaifina da ban taɓa ji ba. Ummu Faisal kuwa ba ta ce "na faɗa maka" ba. Lema kawai ta saya mini, ta rataye a bakin ƙofa.

Yanzu karafan na can wajen tumaki, kusan duk mako nakan kai wa Baba ziyara. An yi ruwa sau biyu tun daga nan, ko ɗigo bai shiga ba, kuma duk sau biyun sai da ya kira ni a waya ya tambayi lafiyar bayana.

Abin da na koya shi ne, mai rami a rufi zaɓi biyu gare shi: ko ya faɗi gaskiya, ko ya rage ƙarfin amin a sallar roƙon ruwa. Na gwada shiru, na san ɗanɗanon kashin tattabara. Bana ma a sahun gaba na tsaya, kusa da Baba Idi, na ce amin da dukan ƙarfina.