Kiɗan Da Na Ɗora Wa Shef Danyel

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na mayar da wani bawan Allah abin dariya a unguwarmu ta Chagoua ba, kuma tun daga farko gara in faɗa da bakina: ni ne mai laifi. Takardar izini ina da ita, da hatimi da sa hannu, amma laifin nawa ne.

A farkon shekarun dubu biyu ina da ɗan shago kusa da wani shataletale, ina ɗaukar bidiyon biki da suna. Kyamarar irin mai babban kaset ce, wadda in ka ɗora ta a kafaɗa awa biyu sai ka kwana kana jin ta a wuya. In babu biki nakan zauna a ƙofar shago in yi ta mafarki ido biyu. Yau ni ne babban mai shirya fim, gobe ni ne ɗan jaridar da ake kiran sunansa a rediyo. (Karatuna bai wuce firamare ba, amma mafarki ba ya tambayar takardar shaida.)

A tsakiyar shataletalen akwai ɗan sanda mai ba da hannu, dogo, baƙi, mutumin kudu, ana ce masa Shef Danyel. Ban taɓa ganin mai aiki irinsa ba. Yakan sa farar safar hannu, in la'asar ta yi, rana ta kwanta wajen kogi, sai ka ga hannayen nan biyu suna tashi suna sauka a hankali kamar tantabaru. Ya juya a kan dunduniya, motoci su tsaya. Ya lanƙwasa yatsu, su wuce. Wani lokaci nakan ji kamar ƙarar garin duk ta ɗauke, shi kaɗai ke motsi.

Sai na fara ɗaukarsa daga nesa, bai sani ba.

Maƙwabcina Malam Ilya tela, Badamagare, ya leƙo ya ce, "Kai dai za ka kwana a kwamisariya, a hannun 'yan sanda. Ana ɗaukar mai kaki a garin nan?"

Na shiga na fito masa da takardar da na yi sati uku ina zirga-zirga kafin in samu, wadda ta ba ni izinin ɗaukar hoto a titi da kasuwa. Na kuma gaya masa abin da wani ango mai karatun shari'a ya taɓa faɗa mini, cewa ɗan sanda a bakin aikinsa a kan titin jama'a ba ɓoyayyen abu ba ne, muddin ba ka tare masa hanya ba.

"To, lauya," in ji Malam Ilya. "Allah ya sa in kawo maka tuwo da zafinsa."

Da a nan na tsaya, da babu labari. Amma kyamarar tana da wani maɓalli da ake ɗora sabon sauti a kan hoto, wanda da shi nake sa wa kaset ɗin biki kiɗa. Wata rana shaiɗan ya zauna kusa da ni, na ɗora wa Shef Danyel kalangu. Abin ya zauna daram, kamar don shi aka kaɗa. Bai ishe ni ba, na sa bakina a makirfo, na siranta murya irin ta zabiya: "Juya, amarya, juya! A ba ta hanya ta taka!"

Na kunna a talabijin ɗin ƙofar shago. Mutane suka taru har bakin kwata. Masu gidajen kallo uku suka roƙa, na kwafa musu. Kafin sati biyu, masu kilando (haka muke kiran 'yan achaɓa a can) in sun zo wucewa ta gabansa sai su rera, "Juya, amarya!" su ƙara wuta.

Na lura hannayensa sun daina tashi. Sai usur kawai yake busawa, yana nuni da hannu ɗaya kamar kowane ɗan sanda. Na lura, amma na ce wa kaina ƙila gajiya ce.

Ran nan bayan azahar sai ga shi ya tsallako titi, ya nufo shagona. Wallahi maimakon tsoro daɗi na ji. Na daɗe ina shirya wannan rana a raina: za a kama ni, zan ɗaga takarda, jama'a su yi tafi, a faɗa a labaran yamma. Na miƙe, na buɗe takardar, na fara da Faransancina mai ɗingishi, na koma Larabci, na ce doka ta ba ni, titi na kowa ne, in ya taɓa kyamarata sai mun je gaban alƙali. Maƙwabta sun taru. Har da buga ƙirji na yi.

Ya bari na gama. Sannan ya ce da Larabci, a hankali, "Afe, lafiya dai, ɗan'uwa? Ba takardarka na zo gani ba. An ce ina cikin kaset. Ina so in gani."

Na duba Malam Ilya, ya sunkuyar da kai kan keken ɗinkinsa.

Babu yadda zan yi. Na ba shi benci, na kunna. Kalangu ya tashi, muryata ta biyo baya, siririya, tana kiran wannan dattijo amarya, shi kuma yana zaune kamu ɗaya daga gwiwata da hularsa a cinya. Babu wanda ya yi dariya. Takardar tana hannuna, gumi ya jiƙa ta, na rasa inda zan ajiye ta.

"Kashe sautin," ya ce.

Na kashe. Sai ga shi a allon shiru, cikin jan hasken yamma, yana juyawa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka nake," ya ce. "Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin kaina ba." Can ya ƙara, "Hannun hagu yana makara in babbar mota ce."

Ya miƙe, ya sa hula. A bakin ƙofa ya tsaya. "Ni ban damu ba sosai. 'Yata ce. Kwana uku ke nan ta ƙi zuwa lakwal, waƙar suke yi mata a aji."

Ya koma bakin aikinsa.

A ranar na gane cewa ofishin da ya ba ni izinin ɗaukar mutum bai ba ni izinin wasa da mutuncinsa ba, kuma babu ofishin da ke bayar da wannan. Na bi gidajen kallon nan na karɓo kaset ɗin, na shafe sautin duka. Wannan mai sauƙi ne. Haƙurin ne na yi kwana tara ina juya shi a baki. Na so in aika Malam Ilya.

"Ni na rera?" ya ce. "A gaban jama'a ka zubar, a gaban jama'a za ka kwashe."

Rana ta goma, lokacin da masu kilando suka fi yawa a tasharsu, na tsallaka har tsakiyar shataletalen. Na tuɓe hulata, na miƙa masa kaset ɗin da na shafe wa sauti da hannu biyu, na ɗaga murya yadda za su ji.

"Shef, kai aikinka kake yi. Ni na ɗora kiɗan, kuma muryar matar nan da kowa ke kwaikwaya tawa ce. Na ci mutuncinka, na sa 'yarka kuka. Samahni, ka yafe mini, kuma ka roƙar mini ita."