Ranar da Na Sauke Tuta Don Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar tutar nan ba, amma na daɗe ban tuna ta ba sai shekaranjiya, da wani direban lori ya tsaya ƙofar gidana bayan azahar ya ce daga Damazin yake, Yaya Sale ya rasu, an riga an kai shi makwanci. Na yi salati, na yi masa addu'a, na koma ciki na zauna. Sai na ji ina murmushi ni kaɗai. Allah ya yafe mini, tutar ce ta faɗo mini a rai.

Yaya Sale ɗan wan babana ne. Shekarar da ake zuba kwalta a hanyar da ta bi gefen ƙauyenmu zuwa garin Hajj Abdalla, an rufe tsohuwar hanya, aka mai da motoci kan bakin tur'a, wato babbar magudanar da ke shayar da gonakin auduga. Wurin siriri ne, mota ɗaya kawai yake ɗauka. Sai kamfani ya nemi mutum biyu daga ƙauye su tsaya da jar tuta, ɗaya a kowane baki. Aka ɗauke ni da Yaya Sale.

Dokar ba ta da wuya (ko jakin gidanmu zai iya). In tutata tana sama, na saki motoci ke nan, shi ya riƙe nasa. In na sauke ta, hanya ta buɗe, ya saki nasa.

Lokacin watana uku da aure, kuma ba ni da hawasha, gonar haya irin ta mutanen Jazira. In na rasa aikin nan, ba abin da ya rage sai in tafi ƙodago Damazin in bar amarya wurin iyayenta. Saboda haka na riƙe sandar tutar kamar sandar liman ranar Juma'a.

Ranar kasuwar Hajj Abdalla ce, da hantsi. Na saki bas guda cike da mata da kwandunan tumatir da ƙwaryar nono, da lori biyu a bayanta. Tuta na sama, ƙirji a buɗe. Sai na waiwaya na ga surukina bisa jakinsa, ya kusa taka ni.

To, kun san halinmu. Ba a tsayawa tsaye a gaban suruki, balle a ɗaga sanda bisa kansa. Kafin hankalina ya zo, ƙafafuna sun riga sun fita daga takalmi, gwiwata tana ƙasa, tuta tana kwance gefena. Shi kuma Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya gajarta gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafar mahaifiyata, ya tambayi akuyar da ya ba 'yarsa ko ta haihu. Ni kuwa ina ta "lafiya lau, Baba", idona a ƙasa.

Can nesa Yaya Sale ya ga tuta ta sauka, ya saki lorin auduga huɗu.

Allah ya kiyaye, ba su yi karo ba. Amma sun haɗu tsakiyar hanya hanci da hanci, ruwa a dama, gona a hagu, babu mai iya juyawa. Direbobi suka sauko suna zagi da Larabci, mata suna mayarwa da Hausa. Wani lori ya gwada ja da baya, ƙafarsa ta zurma cikin ƙaramar magudana, ruwa ya fashe cikin gonar mutane. Tun hantsi har la'asar ba abin da ya motsa. Nono ya tsinke, tumatir ya yi laushi, kasuwa ta watse babu matan ƙauyenmu.

Da shugaban aiki ya iso, Balarabe ne mai gajeren haƙuri, ya tara mu gaban jama'a ya tambaya wa ya ɓata alama. Na sunkuyar da kai (takalmina ma har lokacin ban sa su ba). Sai Yaya Sale ya ce da shugaban, "Ni ne, ya rayyis. Rana ta shiga idona, na ga kamar ya sauke."

Duk wanda ke wurin ya san gaskiya, har matan bas, don sun hango ni durƙushe. Aka sallami Yaya Sale nan take.

Da yamma na je in yi masa magana, ya tare ni. Ya ce, "Ango, koma wurin matarka. Ni dama zaman ƙauye ya ishe ni, uzuri nika nema." Cikin sati ya tafi Damazin. Can ya koyi gyaran mota, ya yi aure, ya gina gida, ya fi ni ƙiba nesa ba kusa ba.

Surukina kuwa, washegari ya sake biyowa. Tun daga nesa ya ɗaga murya ya ce, "Yaro, gaishe ni da baki, ka bar hannunka sama." Daga ranar dattawan ƙauye suka riƙa zagayawa ta bayan gonaki don kada su ja ni ƙasa, har aka gama hanyar. Sunan Mai-Durƙuso kuma ya bi ni, jikokina ma suna faɗa in sun ga na ba da baya.

Na ci gaba da aikin, daga baya na samu hawasha, na tsufa a inda aka haife ni, alhamdulillahi. Abin da na koya shi ne, ladabi abu ne mai kyau, amma wanda aka ba tuta ya fara duba hannunsa kafin ya duba gwiwarsa.

Kowace shekara ina cewa in an gama tsinkar auduga zan hau mota kan wannan kwaltar in je Damazin, in zauna gaban Yaya Sale in ce masa na gode. Ban je ba.