Rasuwar Kunkurun Tagulla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Raihanatu Attahiru ta Tambuwal take sanar da 'yan uwa rasuwar kunkurunta na tagulla, bayan gajeriyar jinya ta wuni guda.

Marigayin haifaffen Japan ne. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, shi ya taho da shi cikin aljihun jaka lokacin da aka tura shi koyon noman shinkafa. Shekara ashirin da biyu kunkurun ya yi a zaure yana danne takardun karatu kada iska ta kwashe su. Bai taɓa neman ci ko sha ba. In an ƙwanƙwasa bayansa da farce sai ya ce "ƙiiin", ya yi shiru. Launinsa duhu ne mai ratsin kore, har kowa ya ɗauka dutse ne. Sai a jami'a Raihanatu ta karanta cewa maƙeran can da gangan suke dafa tagulla cikin ruwan haɗi don ta yi wannan launi. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ciwon ajali ya zo ne tare da Inna Kulu, wadda ta iso daga Kebbe taya sharar Salla. Tana ɗaga shi ta gane ba dutse ba ne, ta ce abin kunya ne a bar ƙarfe da dauɗa haka a gidan malamai. Ta sa tsamiya da toka ta dirje shi, ya fito fes kamar sabon faranti. Da la'asar Baffa Mu'awiyya, malamin gidan, ya zauna ba da karatu, sai ya ga dutsen nasa yana da kai da idanu. Nan take ya ce mutum-mutumi ba zai ƙara kwana a gidan ba.

Sau uku Raihanatu tana zuwa ƙofar zaure tana komawa. A na huɗu ta yi sallama, ta roƙi Baffa abu ɗaya: a yanko mata ƙasan cikinsa, inda maƙerin ya buga sunansa. Baffa ya juya shi, ya ga babu kai babu ido a wurin, ya yarda.

Marigayin ya bar takardu masu tashi sama, da Inna Kulu wadda har yanzu take jiran godiya.

Za a narkar da shi gobe da hantsi a maƙerar Namadi. Guntun da za a yanko mata zai koma bakin aiki a zaure. Masu zuwa gaisuwa, don Allah kada su goge komai.