Nomau da Ƙafar Jatau

A garinmu akwai wani mutum, Nomau, ya ba arba'in baya amma har yau a gidan wansa Shekarau yake zaune. Ba shi da faɗa, ba shi da ƙiwa. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shekarau kuwa shi ke da teburin tanis ɗin da ke rumfar ƙofar gida, inda samarin gari ke taruwa bayan la'asar.

A teburin nan rigima ta tashi. Jatau, gwanin garin, ba ya sabis, wato bugun farko, sai ya buga ƙafa a siminti, dam! Abokin karawarsa Sallau ya ce zamba ce, Jatau yana ɓoye ƙarar bugun ƙwallon ne don kada a gane ko ya murza ƙwallon. Na duba doka a waya na karanta musu, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Sau biyu ana cin kwalar riga. Sai mai unguwa ya aiko cewa in aka ƙara faɗa ko sau ɗaya, zai sa a ɗauke teburin. Shekarau ya rasa wanda ba shi da ɓangare, sai ya naɗa Nomau alƙali.

Wata rana Shekarau ya ce wa Nomau ya kalli ƙafar mai sabis, kada ya ɗauke ido. Nomau ya shige ƙarƙashin tebur ya kwanta rub da ciki. Aka gama wasa, aka tambaye shi wa ya ci.

Ya ce, "Ban sani ba. Amma Jatau ya buga ƙafa sau goma sha bakwai, kuma takalminsa na hagu ya ɓule."

Wata rana kuma aka ce masa duk wanda ya buga ƙafa, ya tsayar da wasa. Akwai jakin mai itace ɗaure a gindin dalbejiya, ƙuda sun dame shi. Jaki na buga kofato, Nomau na ɗaga hannu. Har magariba ba a kai maki biyar ba. Da aka yi masa tsawa ya ce ai ba a ce masa ban da jaki ba.

Wata rana, ana gobe za a yi karon ƙarshe tsakanin Jatau da Sallau, gari ya rabu biyu, mai unguwa ya ce zai zo da kansa. Shekarau ya zauna a zaure ya yi tagumi, ya ce shi dai kada ya ƙara jin ƙarar ƙafa a rumfar nan. Shi kaɗai yake magana da kansa, amma Nomau na kusa.

Washegari tun da safe aka ga Nomau da baro yana jigila daga rafi. Kafin azahar ya binne simintin rumfar da yashi har idon sawu. Shekarau ya riƙe kai, ga mutane sun fara taruwa, ba lokacin kwashewa.

Haka aka fara. Jatau ya cilla ƙwallo, ya buga ƙafa, shiru. Ya sake, shiru, amma bai fasa ba, don ashe bai ma san ƙafar na yi ba, da ita ya koyi sabis tun yana ƙarami. Sallau kuwa yana jin bugun ƙwallon tangaran, duk da haka sabis uku suka wuce shi. Ya tsaya ya dubi ƙafar Jatau, ya dubi bat ɗin da yake buga ƙwallo da shi, ya yi dariya. Wanda ke son buga ƙafa ba a hana shi ba, wanda ke son jin ƙwallo ya ji. Ba wanda aka kunyata. Mai unguwa ya nemi a ba shi benci ya zauna kallo.

Nomau ya matso kusa da wansa, duk yashi a gemunsa.

"Yaya, ka ji wani abu?"

"Ban ji ba, Nomau."

"To. Gobe zan ƙaro, iska na kwashewa."